Ruwan Shuka Ran Lahadi

Ga wani abu da ya kan faru a ƙauyukanmu da farkon damina. Ku karanta a hankali, gama wataƙila ya taɓa faruwa a gidan waninku.

Akwai wani manomi Kirista a wani ƙauye na arewacin ƙasar Zazzau. Ya gama sassabe, ya kai taki gona, ya gyara ƙotar sunguminsa. Irin gero yana cikin ƙwarya an rufe da faifai. Ruwa kaɗai a ke jira. Bazara kuwa ta yi tsanani. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse, har mako uku. Ran Asabar da dare sai iska ta juya, aka kece da ruwa, ba a ɗauke ba sai asuba.

Da gari ya waye ya fita bayan gida ya tona ƙasa, ya ga laima ta shiga sosai. Maƙwabtansa Musulmi sun riga sun wuce da 'ya'yansu, kowa da sungumi a kafaɗa. Yana nan tsaye sai ya ji an buga ƙarfen majami'a. Yau Lahadi.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, iri zan ɗauko, ko kuwa rigunan yara na zuwa sujada?"

Ya yi shiru. Kowane manomi ya san dalilin shirun nan. In ya bari sai gobe, yana tsoro kada rana ta shanye laimar, kuma ba wanda ya san ran da ruwa zai komo. In kuwa ya tafi gona, zuciyarsa ba za ta kwanta ba, don tun yana yaro aka koya masa ranar nan ta Ubangiji ce.

To, mu bar shi tsaye a nan tukuna. Kafin mu ce ya yi kaza ko kaza, sai mu san inda ranar hutu ta samo asali, da abin da aka yi ta dominsa.

Sunayen Ranaku

Ku rubuta ranakun mako a kan allo: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Jumma'a, Asabar. Daga Larabci Hausa ta aro sunayen nan. Biyar na fari ƙirga ce kawai. Lahadi watau ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Jumma'a ranar taruwa ce. Asabar fa? Tushenta ɗaya ne da sunan da Yahudawa su ke kiran ranar da shi cikin harshensu na Ibrananci. Ma'anar kalmar dainawa, watau mutum ya ajiye aikin da ke hannunsa. Ashe duk wanda ya ce Asabar, ko ya sani ko bai sani ba, ya ce a daina ke nan.

Labarin ranar yana cikin Littafi Mai Tsarki. An buga littafin duka da Hausa a shekarar 1932. Likita Mila, wanda ya zauna birnin Zariya, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar. Wanda ya ke da shi a gida ya riƙa duba surorin da za mu ambata.

Littafin Farawa, sura 1 da farkon sura 2, ya ce Allah ya yi halitta cikin kwana shida, ran na bakwai ya daina, ya sa wa ranar albarka. Ku lura, Kirista ba su ce Allah ya gaji ba. Annabi Ishaya, a sura 40, ya nuna sarai gajiya ba ta kama Mahalicci. Dainawar nan irin ta masaƙi ce sa'ad da ya kai ƙarshen saƙa. Ya yanke zare, ya shimfiɗa abin da ya saƙa, ya tsaya yana dubawa, ya ga ya yi kyau. Akwai kuma wani abu. A rana ta shida aka halicci mutum. Don haka ranar da ya fara wayewar gari a duniya, ranar hutu ce. Bai riga ya ɗaga fartanya ba, bai tara kome ba, aka ba shi hutu kyauta.

Hutun Wa?

Dokar hutu tana cikin Dokoki Goma da aka ba Musa. An rubuta ta wuri biyu, a Fitowa sura 20 da Maimaitawar Shari'a sura 5. In kun karanta za ku ga ba maigida kaɗai aka ambata ba. An sa ɗa da 'ya, da bara namiji da mace, da baƙon da ke zaune a garin. Har sa da jaki an sa su ciki.

A wuri na biyu an ba da dalili, an ce Isra'ilawa su tuna sun yi bauta a Masar. Kun san aikin da suka yi can? Tubali. Kowa a nan ya san wuyar kwaɓa ƙasa da ciyawa. Da Musa ya roƙi Fir'auna ya bar mutane su fita su yi sujada, sai Fir'auna ya ce ragwanci ne ke damunsu. Ya hana a ba su ciyawar, ya ce su nemo da kansu, yawan tubalin kuwa kada ya ragu. Wannan yana cikin Fitowa sura 5. Bawa ba shi da rana tasa. Saboda haka duk ran da Ba'isra'ile ya ajiye aiki, yana shaida wa kansa da 'ya'yansa cewa Allah ya 'yanta su. An kuwa gargaɗe shi kada shi ma ya zama Fir'auna a gidansa.

Wannan magana ta shafe mu. Maigidan da ya zauna gindin itace ran Lahadi, ya tura ɗan ƙodago gona, ko ya ce yaro ya ɗaura wa shanu garma, bai kiyaye ranar ba. Jikinsa kaɗai ya hutar. Haka mai gandu da ke riƙe ƙannensa da 'ya'yansa kwana shida cur, har ba su da lokacin gayaunarsu sai Lahadi. In an gan su a gona ranar, shi za a fara tambaya.

Sa'ad da Isra'ilawa su ke jeji, Allah ya ciyar da su shekara 40 da wani abinci mai suna manna. Kowace safiya su kan fita su tsinci na yini ɗaya. Waɗansu suka ƙi yarda, suka ɓoye saura don gobe, da safe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Amma ran na shida a kan tsinci na kwana biyu, shi kuwa ba ya lalacewa. Duk da haka waɗansu suka fita nema ran na bakwai, suka komo hannu wofi. Labarin yana Fitowa sura 16. Abin da a ke koya musu shi ne su yarda Wanda ya ciyar da su jiya yana nan gobe. Mutumin da bai yarda da wannan ba, ko an kwantar da shi a katifa, zuciyarsa tana gona.

Ƙasa ma an ce a hutar da ita. Fitowa sura 23 da Littafin Firistoci sura 25 sun ce a noma gona shekara shida, ta bakwai a bar ta, abin da ya tsiro da kansa matalauta su ci, saura dabbobi su ci. Kakanninmu sun san wannan, shi ne barin gona ta zama saura. Yanzu mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, da wuya a bar ta. Amma manomi mai hankali ya kan juya shuka, bana dawa, baɗi gyaɗa ko wake. Wanda ya nace da dawa shekara da shekaru ba taki, wuta-wuta ce za ta gaya masa gonar ta gaji. Jikin mutum ma ya kan faɗi nasa, da ciwon baya, da saurin fushi, da mantuwa.

Abin Da Yesu Ya Yi

A zamanin Yesu malaman Yahudawa sun kewaye ranar da ƙa'idodi masu yawa. Wata Asabar Yesu da almajiransa suna ratsa gonaki, almajiran suna jin yunwa, suka riƙa zagar hatsi suna ci. Farisiyawa suka ce ai wannan girbi ne, sun karya doka. Yesu ya tuna musu yadda Dawuda, da yunwa ta kama shi da mutanensa, ya ci gurasar da aka keɓe wa firistoci. Ya nuna musu ranar kyauta ce da Allah ya yi wa mutum don ta taimake shi. Ku duba ƙarshen Markus sura 2. A sura 3 ya warkar da mai shanyayyen hannu cikin majami'a ran Asabar. A Luka sura 13 da 14 ya tuna musu cewa su da kansu su kan kwance sa ko jaki su kai shi shan ruwa ranar, in kuwa ya faɗa rijiya ba mai cewa a bari sai gobe. Daga nan Kirista suka gane aikin larura da aikin jinƙai ba su ɓata ranar hutu.

Amma kada wani ya ce Yesu ya raina hutu. A Markus sura 6, almajirai sun komo daga yawon wa'azi a gajiye. Jama'a na ta kaiwa da komowa, ko abinci ba su sami damar ci ba. Shi da kansa ya ce su shiga jirgi su tafi inda ba kowa su huta. Mutane suka hango su, suka bi ta gaɓa da gudu, suka riga su isa. Hutun ya ɓaci. Yesu bai yi fushi ba, ya ji tausayinsu, ya koya musu, ya ciyar da maza 5,000. Amma da magariba ya sallami kowa, ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. Hutun da ya kuɓuce masa da rana, ya neme shi da dare.

Daga Asabar Zuwa Lahadi

Wani zai ce, in Asabar aka faɗa, me ya kawo Lahadi? Kirista sun gaskata Yesu ya tashi daga matattu ran farko ta mako. Saboda haka tun zamanin manzanni suka riƙa taruwa a ranar, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 20 ya nuna. Har yau akwai waɗanda su ke kiyaye Asabar, kamar 'yan ikilisiyar Adbantis. Ikilisiyar Habasha kuwa tana girmama duka biyu.

Kirista na fari ba su da Lahadi a hannunsu. Ranar aiki ce a mulkin Rum, da yawa daga cikinsu kuwa bayi ne da talakawa. Wajen shekarar 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Filini ya rubuta wa sarkinsa cewa Kiristan ƙasar da ya ke mulki su kan taru a wata rana tun gari bai waye ba. Wajen shekarar 150 wani malami Kirista a birnin Rum, Yustin, ya bayyana yadda taron ya ke. Mutanen birni da na ƙauye su haɗu, a karanta littattafan manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a ci jibin Ubangiji, a tara baiko don marayu da gwauraye da marasa lafiya da baƙi.

Sai a shekarar 321 Sarkin Rum, Konstantin, ya kafa doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi. Amma ku ji wannan. Ya keɓe manoma, ya bar su su tafi gona, don ya ce sau da yawa ranar da ta dace da shuka in ta wuce ba ta komowa. Bayan shekara wajen 200, a 538, shugabannin ikilisiya suka yi taro a garin Orleyan cikin ƙasar Faransa, suka hana noma da girbi da sussuka ran Lahadi, don mutane su sami zuwa sujada. Kun gani, tambayar da ta tsayar da manominmu a bayan gida ta fi shekara 1,700 ana yin ta. Mutanen kirki sun amsa ta iri biyu.

Kawu Ya Yi Magana

Mu koma wurin manomin. Da ya rasa abin yi, sai ya zaga gidan kawunsa, wanda ya ke ɗaya daga dattawan ikilisiya. Ya same shi yana sa takalmi. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, ina kwana? Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, ɗana. Na ga fuskarka, na san abin da ya kawo ka. Ka tona ƙasa?"

"Na tona, Kawu. Hannuna ya nutse har wuyan hannu ban tarar da busasshiya ba."

Tsoho ya yi dariya ya ce, "To, me ka ke tsoro? Ruwan da ya shiga haka ba ya bushewa yini ɗaya. Wanda zai bushe kafin gobe kuwa, ba ruwan shuka ba ne. In ka zuba iri a kansa, ya tsiro ya ƙone, ka yi hasarar iri. Ba laima ce ta dame ka ba. Ka ga maƙwabta sun wuce ne, ka ji kamar an bar ka baya."

Manomi ya sunkuyar da kai, don gaskiya ce.

Kawun ya ce, "Ban ce ba ranar da za a taɓa aiki ba. In shanu sun shiga gonarka, za ka kore su. In gero yana yashe a ƙasa, hadari ya taso, ni da kaina zan taya ka kwashewa. Amma in kowace Lahadi mutum yana da larura, larurar ta zama hali. Sa'an nan ga gwauruwar nan ta bayan majami'a. Ba ta da namiji a gida, ba mai taya ta sai ran da kowa ya gama nasa. In ta fita da iri yau, ba zan buɗe baki ba. Laifin namu ne da ba mu yi mata gayya ba."

A ganina tsohon nan ya yi daidai. Bai yanke wa kowa hukunci ɗaya ba. Ya sa ɗan 'yar'uwarsa ya duba cikinsa ya ga ko bukata ce ke tura shi, ko tsoro, ko ƙyashi. Akwai ikilisiyoyin da su ke da ƙa'ida mai tsanani a kan wannan, akwai masu sauƙi. Kowa ya girmama ta wurinsu. Amma ƙa'ida ba ta iya shiga zuciya ta yi wa mutum wannan bincike.

Manomi ya tashi zai tafi, kawun ya kira shi. "Tsaya. Wa ya ɗebo ruwan da ka yi wanka da shi yau?"

"Mai ɗakina."

"Wa ya yi daka? Wa ya yi wa yara wanka? In an tashi sujada, wa zai hura wuta? Kai kana tambaya ko za ka huta yau. Ita ba wanda ya taɓa tambayarta."

Nan fa maganar ta yi nauyi. A gidaje da yawa Lahadi ce ranar da mace ta fi wahala. Ta tashi da asuba, ta je rijiya, ta dafa, ta shirya yara, ta je sujada da goyo, ta tsaya taron zumuntar mata, ta komo ta tarar da baƙi. Maza kuwa suna inuwa suna hira, suna cewa yau ranar hutu ce. Luka sura 10 ya ba da labarin 'yan'uwa mata biyu da Yesu ya sauka gidansu. Marta tana fama da hidimar baƙi, Maryamu ta zauna tana jin koyarwa. Marta ta kawo ƙara. Yesu bai raina girkinta ba, amma ya ga damuwa ta yi mata yawa, ya kuma ƙi a tashi Maryamu daga inda ta zauna. Watau mace ma tana da hakkin ta zauna ta saurara. Yahudawa su kan yi dafuwar Asabar tun ran Jumma'a, har suna kiran Jumma'a ranar shiri. Mu ma ba abin da zai hana samari su cika randa su faskara itace ran Asabar da yamma, a kai niƙa inji tun ranar, a rage yawan girki. Ba kunya ba ce namiji ya riƙe yaro matarsa ta yi barcin rana.

Gajiyar Da Barci Kaɗai Ba Ya Magani

Suka tafi sujada. Mai bishara ya buɗe Littafin Sarakuna na ɗaya, sura 19, labarin Annabi Iliya.

Iliya ya yi babban aiki a Dutsen Karmel, ya kunyata annabawan gunkin Ba'al gaban jama'a duka. Bayan fari na shekara uku, ruwa ya sauka. Ku ce zai yi murna. Ina! Sarauniya Yezebel ta aiko masa za ta kashe shi, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyersheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani ƙaramin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Babban annabi ke nan, ga shi ya gaji da duniya.

Ku duba abin da Allah ya yi masa. Bai tsauta masa ba, bai kuwa fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa da ɗuminta da tulun ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan haka ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Can aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, amma ba ta cikinsu Allah ya yi masa magana ba. Sai da wuri ya yi tsit ya ji murya a hankali. Aka bar shi ya faɗi kukansa har sau biyu, yana cewa shi kaɗai ya rage. Sa'an nan aka gaya masa ba haka ba ne, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba. Aka ba shi sabon aiki, aka ba shi mataimaki. Ya koma ya sami Elisha a gona yana huɗa, shanu 24 bibbiyu suna jan garma.

Mai bishara ya ce su lura da yadda abin ya bi: barci da abinci, sa'an nan shiru, sa'an nan abokai da aiki. Mu kan juya shi. In mun ga ɗan'uwa ya karai, sai mu tasa shi gaba da faɗa, mu ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni, alhali kuwa wataƙila kwanansa uku bai runtsa ba don bashi ko rashin lafiyar yaro. Likitoci sun ce babban mutum yana bukatar barci awa 7 ko fiye kowane dare. Wanda ya ke riƙe da waya har tsakar dare, shi ya san inda barcinsa ya tafi. In kuwa baƙin ciki ya daɗe wa mutum makonni, ba ya ci, ba ya barci, yana maganar mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, gama ciwo ne, yana da magani.

Hutu dabam, lalaci dabam. Farawa sura 2 ya ce an sa Adamu cikin gona ya noma ta tun kafin ya yi zunubi, don haka aiki ba la'ana ba ne. Manzo Bulus ɗinkin tanti ya ke yi ya ci abinci, ya kuwa tsauta wa masu zaman banza a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa. Wanda ya kwana shida gindin itace ba shi da abin da zai daina ran na bakwai. Wanda kuma ya fito sujada ya zarce gidan burukutu har dare, Litinin da safe za a ga ko ya huta.

Abin da ranar ta ke ba mutum shi ne sarari ya tambayi kansa don me ya ke wannan wahala duka. Cikin mako ba a samun wannan sarari, kai yana sunkuye a kunya. Yesu ya ba da misali, a Luka sura 12, na wani mai arziki da gonarsa ta yi albarka. Ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, in ya cika su sa'an nan ya huta. A daren nan ya mutu. Ya yi ta ajiye hutu sai rumbu ya cika, bai kuwa taɓa tambaya ko hatsin don wa ba ne. A Markus sura 4 kuma akwai misalin manomin da ya zuba iri ya tafi ya kwanta. Yana barci yana tashi, iri yana tsirowa yana girma, shi bai san ta yaya ba. Kowa a ajin nan ya taɓa ganin haka. Kai ka haƙa rami ka rufe, amma ba kai ka fasa ƙwayar geron cikin ƙasa ba.

Da aka tashi sujada, kawun ya tsayar da maza a bakin majami'a, aka shirya za a yi wa gwauruwar gayya ran Talata. Manominmu ya koma gida. Ya ɗauki ƙaramin yaron ya fita da shi inuwa, matarsa ta dube shi da mamaki, ta shiga ɗaki ta kwanta. Da la'asar ya je ya gai da wani maƙwabci mara lafiya. Da dare ya sa babban ɗansa ya karanta musu labarin Iliya kuma, yaron yana tuntuɓe a kan sunayen garuruwa.

Litinin, tun tauraron asuba bai faɗi ba, suna gona. Shi yana sara da sungumi, matar da yara suna bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ƙasar tana nan da laimarta. Geron maƙwabcinsa ya riga nasa tsirowa da kwana ɗaya.

Tambayoyi

1. Mene ne asalin kalmar Asabar?
2. Su wa aka ambata cikin dokar hutu ban da maigida?
3. A wace shekara Konstantin ya kafa dokarsa, me ya sa ya keɓe manoma?
4. Me aka fara ba Iliya sa'ad da ya karai?
5. Rubuta layi uku a kan aikin da mata su ke yi a gidanku ranar hutu, da wanda maza za su iya ɗauke musu.